Me ya sa riɗi ke zubewa tun kansa na fure? Fashin baƙi kan yadda fure ke jeruwa a jikin tsiro

Duk shekara idan watan goma ya kama aka fara yankan riɗi a Gadarif da wajen Damazin a nan Sudan, sai maganar nan ta dawo a majalisu da guruf ɗinmu na WhatsApp, wai me ya sa kwanson riɗi na ƙasa ke fashewa yana zubar da ƙwaya alhali can sama har yanzu fure yake yi? Wani ya ce iri ne aka sayar masa gauraye, wani ya ce ruwan ƙarshe ne ya ɓata shi, wani ma har da cewa baki ne ya kama gonar. Da sanyi ya shigo kuma sai masu lambun mangwaro a Sinja su karɓa, fure ya cika bishiya amma ya zube kusan kaf. Mai dawa shi ma da nasa kukan, kai ya fito babba gwanin kyau amma ka murza ka ji holoƙo.

Da yawan koke-koken nan gindinsu ɗaya ne, yani yadda fure ke jeruwa a jikin kara, da wanne ke fara buɗewa da wanne ke zuwa ƙarshe. Yaranmu suna karanta shi a darasin ahya, wato ilimin halittu, a sakandare, ana ce masa nawra, su haddace don jarrabawa su manta, mu kuma da muke cikin gona muna ganinsa kullum amma ba mu haɗa shi da asarar da muke yi ba. Abin nan yana damuna wallahi, shi ya sa na ce bari mu warware shi.

Mene ne jerin fure tukunna

Wani tsiron fure ɗaya yake fitarwa a wuri ɗaya, a daidai inda ganye ya haɗu da kara. Kuɓewa haka take, yakuwar da ake yin karkade da ita ma haka. Af, tunda an ambaci karkade, jan abin nan da ake shanyawa a kai kasuwar Ubayyid ba shi ne ganyen furen ba, ƙoƙon da ke riƙe da furen ne daga ƙasa, bayan furen ya faɗi sai ya yi kauri ya yi ja, shi ake ɓarewa.

Wani tsiron kuma tara furanni yake yi da yawa a kan sanda ɗaya, daga goma har zuwa dubbai, kuma ba haka kawai barkatai ba, kowane iri da tsarinsa da ba ya canzawa. Zangarniyar dawa, kan gero, furen albasa, nonon dabino kafin ya zama dabino, duk taron furanni ne. To wannan taron da tsarin da yake bi shi muke nufi da jerin fure.

Gida biyu manya

Masana tsirrai sun kasa shi gida biyu, kuma abin da suka duba shi ne kan sandar, can inda toho yake.

A gida na farko kan sandar ba ya tsayawa, yana ta ƙara tsawo yana fitar da sabon fure a gefe, don haka furen da ya fi tsufa yana ƙasa, mafi ƙuruciya yana sama. Idan jerin mai faɗi ne ba mai tsawo ba to tsoho yana baki-baki, sabo yana tsakiya. Ka duba jirjir ko fijil da aka bari ya yi iri, za ka ga ƙasa kwanso ya riga ya yi, tsakiya fure a buɗe, sama kuma toho ne da bai buɗe ba. Filasko da sanamaka ma haka furensu rawaya yake tafiya.

A gida na biyu kan sandar da kansa ne ke zama fure, da ya zama fure kuwa tsawo ya ƙare, sai dai wasu rassa su fito daga ƙarƙashinsa su ma kowanne ya ƙare da fure. Nan tsoho ne a tsakiya ko a sama. Yasmin shi ne misalin da aka fi bayarwa, furen tsakiya ke fara buɗewa sannan na gefe biyu su biyo. Tumatir ma masana a nan suka saka shi duk da ido zai ce na gidan farko ne.

Riɗi, inda maganar ta fi zafi

Riɗi ɗan gidan farko ne a ɗabi'arsa. Bayan wata guda da 'yan kwanaki da shuka yake fara fure daga ƙasan kara, a gindin kowane ganye, fure fari ko mai ɗan shuɗi-shuɗin ja, ya buɗe da safe kafin yamma ya faɗi ya bar ɗan kwanso. Gobe na samansa ya buɗe, jibi na sama da wannan, karan na ƙara tsawo fure na hawa, kuma haka zai yi ta yi makonni muddin akwai laima a ƙasa. Kamar gida ne mai yawan 'ya'ya, babban ya yi aure autan yana goye. To ta yaya za su nuna rana ɗaya? Ba zai yiwu ba. Lokacin da kwanson ƙasa ya bushe ya tsage bakinsa daga sama, na can ƙoli ƙwayarsa ko cika ba ta yi ba.

Ka ga ke nan manomin riɗi kullum ciniki yake yi tsakanin asara biyu. In ya jira na sama su nuna, na ƙasa waɗanda su ne manya masu nauyi sun zube wa tururuwa da tsuntsu. In ya yi gaggawa, ƙwayar sama ta fito shafal ba mai. Abin da tsofaffin manoma ke dubawa shi ne daidai, ganye ya yi rawaya ya fara kakkaɓewa, kwanson ƙasa ya juya launi amma bai buɗe baki ba, to a sa lauje. A ɗaure dami-dami a jingina su a tsaye kai sama, saboda bakin kwanso sama yake kallo, ko ya tsage ƙwayar na zaune a ciki. Bayan kamar sati biyu a shimfiɗa mushamma a kifa damin a kaɗe. Wanda ya taɓa tsayawa wajen kaɗewar nan ya san ƙarar, shaaa, kuma ya san idan aka ɗaga dami da garaje rabin abin a ƙasa yake ƙarewa tun kafin a kai ga shimfiɗa. Ga kuma ƙwaron nan ka'uk da ke shiga cikin jingar yana tsotse man ƙwayar idan aka bar ta ta daɗe.

Shin masu cewa iri ne gauraye ƙarya suke yi? A'a, suna da tasu gaskiyar, idan aka haɗa mai saurin nuna da mai jinkiri a buhu ɗaya matsalar ninkuwa take yi, domin yanzu ba a jikin kara ɗaya kawai bambancin yake ba har tsakanin kara da kara. Masu zargin ruwan ƙarshe ma haka, ruwan da ya sauka a makare yana sa kan ya ci gaba da fure. Amma ko da iri mai tsabta ne kuma damina ta yi daidai, riɗi sai ya yi wannan halin, haka aka halicce shi. Don haka kafin ka je ka yi rigima da mai sayar da iri a suk, tsuguna ka ƙirga karan gonarka ka gani ko duk tsayinsu da launinsu ɗaya.

Auduga ma 'yar wannan layin ce ta wata fuskar, furenta na farawa daga rassan ƙasa yana hawa, kuma daga kusa da kara yana fita waje, shi ya sa tun da aka buɗe aikin noman ban ruwa na Jazira a 1925 ba a saba tsince hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi, a zagaye ɗaya ba, sai an koma an sake komawa. Kakanninmu da suka yi tsintar auduga a can sun san wannan da bayansu.

Siffofin da ake haddacewa a makaranta

Nan ba sai mun daɗe ba. Idan kowane fure na da ɗan wuyansa a jikin doguwar sanda, irin na filasko ke nan. Idan babu wuya, furen manne yake da sandar, irin na alkama ne, haka ma furen hashab, bishiyar ƙaron nan da Kurdufan ke taƙama da ita, doguwar zangarniya ce fara-fara. Talha da bagaruwa kuwa nasu a dunƙule yake, ƙwallo rawaya, kuma kowane ƙwallo ƙananan furanni ne masu yawa. Idan sandar ta yi rassa, rassan ma suka yi rassa, to dawa ce da shinkafa da mangwaro da darbejiya. Idan duk wuyoyin daga wuri ɗaya suka tashi suka baje a sama, ana ce masa mai lema, karas da kasbara da shamar, albasa ma siffarta ke nan. Masu noman irin albasa a Kasala sun san cewa kan nan ɗaya furanni ɗaruruwa ne kuma ba rana ɗaya suke buɗewa ba, shi ya sa ake yanke kan da zarar wasu sun fara nuna baƙin iri, a ƙarasa shanya shi a inuwa.

Furen rana, wanda ake ce wa zahratush shams ana matse mai da shi, shi ya fi ruɗar mutane. Faffaɗan kan nan ba fure ɗaya ba ne. Rawayen ganyen da ke kewaye talla kawai suke wa ƙudan zuma, ba sa yin iri. Furannin gaske su ne ƙananan da ke cike da tsakiya, suna buɗewa zobe-zobe daga baki zuwa ciki cikin kwanaki. In ƙishirwa ta kama shukar a ƙarshe, ko ba zuma a yankin, ko aka yi feshi da safe lokacin da zuma ke aiki, tsakiyar ce ke fitowa fanko tunda ita ce ta ƙarshe a layi.

Dawa da gero da masara ba sa bin littafi sak

Ga inda nake so ɗalibai su buɗe ido. Littafi zai ce maka jerin gidan farko daga ƙasa yake buɗewa zuwa sama, amma ka shiga gonar dawa da sassafe bayan ta fitar da kai, za ka ga bununi rawaya yana reto a can saman zangarniyar, ƙasa shiru. Dawa daga sama take farawa ta gangaro, kuma kai ɗaya na ɗaukar wajen mako guda kafin ya gama. Alkama kuma daga tsakiyar zangarniya take farawa ta yi sama da ƙasa. Gero da nasa salon, fararen gashin mace ne ke fara fitowa, sai bayan 'yan kwanaki bununin namiji ya biyo, don haka yawanci garin furen maƙwabci ne ke yi masa barbara. Shi ya sa irin gero ke saurin gaurayuwa idan gonaki na kusa da juna, dawa kuwa galibi kanta take yi wa barbara, wanda ke son iri tsantsa ma yana iya rufe kan da jakar takarda kafin bununi ya fito.

Wannan makon na furen dawa shi ne ƙofar masih. Wani ɗan mitsitsin ƙuda ne ja-ja, macen ba ta wuce kwana guda a raye, aikinta kawai ta saka ƙwai a cikin furen da ya buɗe a ranar. Tsutsar ta cinye ƙwayar tun tana ruwa, kan ya tsaya kyakkyawa daga nesa amma ba komai ciki. Gwajin mai sauƙi ne, ka kama ɗan furen da ake zargi ka matse tsakanin farce biyu, in ka ga jan ruwa ya fito to masih ne, ba rashin taki ba ne ba kuma baki ba. Kuma da yake cikin sati biyu zuwa uku sabon zubi ke ƙyanƙyashewa, idan gonakin unguwa ba tare suka yi fure ba, wannan ya gama wancan ya fara, ƙwaron na tashi daga gona zuwa gona yana ninkuwa, wanda ya yi shuka a makare shi ke kwasar kashinsa a hannu.

Siffar kan ma da magana. Dawa mai dunƙulallen kai irin wadda aka saba da ita a busassun wurare tana riƙe laima a ciki idan ruwa ya yi yawa lokacin nuna, sai fumfuna da tsutsa su samu maɓoya. Mai sakakken kai da ke baje rassa, irin wadda ta fi yawa a ƙasar Hausa ta kudu inda ruwa ke daɗewa, iska na ratsa ta ta bushe da wuri. Wanda zai ɗauko iri daga Gadarif ya kai kudancin Nil Azrak inda ruwa ya fi yawa ya kamata ya duba wannan tukun.

Masara ita jeri biyu gare ta a kara ɗaya, namiji a ƙoli, mace a goyo. Kowane silin gemun masara hanya ce zuwa ƙwaya ɗaya tak, silin da garin fure bai sauka a kansa ba gurbinsa zai fito wayam. Silin gindin goyo ke fara fitowa, na bakin ne ƙarshe, shi ya sa bakin masara ke yawan zama ba ƙwaya idan fari ya taɓa ta. Masu shuka ta layi ɗaya dogo a bakin jadawal, wato hanyoyin ruwan gona, su ma suna cutar kansu, iska na kwashe garin ta kai inda ba masara, gara a yi ta layuka da yawa kusa da juna ko da gajeru ne.

Buda, wato ƙuduji

Wannan kam ina roƙon jama'a su ji shi da kyau. Buda furenta ja-shuɗi daga ƙasa yake hawa sama irin na riɗi, ma'ana ranar da ka hango gona ta yi kyau da furenta a sama, ƙasan ta riga ta ɗaura kwanso, kuma tsiro ɗaya na iya zubar da iri dubbai masu yawa, ƙanana ƙwarai, da ke iya zama a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran saiwar dawa. Sai ka ga mutum ya tuge ta ya jefar a kan kunya ya ce ya yi shara, alhali shuka ya yi wa baɗi. A tuge ta da zarar furen farko ya bayyana, a fitar da ita daga gona a ƙone.

Mangwaro da dabino da ɓaure

Reshen furen mangwaro ɗaya na ɗauke da ɗaruruwa zuwa dubban ƙananan furanni, kuma mafi yawansu maza ne zalla, ba za su taɓa zama 'ya'ya ba ko me ka yi musu. Cikin sauran ma kaɗan ne ke kamawa, cikin waɗanda suka kama bishiyar da kanta ke zubar da wasu saboda ba za ta iya ciyar da su ba. Reshe ya tsira da mangwaro ɗaya ko biyu ko uku, wannan lafiya lau ne. Abin tsoro shi ne ka ga farin gari ya lulluɓe furen yana baƙi yana bushewa, wannan cuta ce tana son magani. Amma feshin maganin ƙwari tsakiyar fure don kawai an ga yana zuba, wannan kashe ƙudajen da ke yi maka barbara ne da kuɗinka.

Dabino kuma namiji daban mace daban, kowanne furensa na fitowa a cikin wani kube mai tauri da ke tsagewa. Mutanen Dungula da Marawi da ke noman dabinon barakawi da gundela suna hawa a ƙarshen sanyi, su yanko silin furen namiji su cusa a tsakiyar na mace cikin 'yan kwanakin farko da kuben ya buɗe, su ɗan ɗaure. In aka makara, abin da ke fitowa shi ne shis, dabino marar ƙwallo marar daɗi. Kuma mace ɗaya ba rana ɗaya take buɗe duk kubenta ba, sai an yi ta hawa ana dubawa. Namiji ɗaya na isar mata da yawa, shi ya sa ba a cika lambu da shi. A kan wannan aikin ne hadisin nan na Muslim ya zo, lokacin da mutanen Madina suka bar yin barbarar dabino amfanin ya lalace, Annabi (SAW) ya ce musu su ne suka fi sanin al'amarin duniyarsu.

Ɓaure ana cewa ba ya fure, yana yi, a ciki yake ɓoye shi. Ɗan ɓauren nan jaka ce da furanni suka jeru a bangonta ta ciki, da 'yar ƙofa a baki inda wani ƙaramin ƙwaro ke kutsawa ya yi barbara ya saka ƙwansa. Ƙwarin da muke gani idan mun fasa shi su ne ma'aikatan.

Inda ra'ayi ya rabu

Akwai masu cewa duk wannan ilimin takarda ne, kakanninmu sun yi noma ba su san nawra ba. Gaskiya ne ba su san sunan ba, amma wanda ya ƙirƙiro jingina damin riɗi kai sama ai ya karanci kwanso sosai. Matsalar ita ce yanzu da yawa cikin masu shiga noma matasa ne da waɗanda yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba da sana'arsu ta birni, ba su tashi a gaban tsoho a gona ba, su ne ke ganin zubar fure su ruga sayen magani da kuɗin da babu.

Akwai kuma masu manyan mashru'i, wato manyan gonaki, da ke cewa mafita ita ce a kawo irin riɗin da kwansonsa ba ya zubarwa, a girbe da inji a huta da neman leburori, tunda a Amurka an samar da irin wannan kuma da inji suke girbe shi. Ni ban ƙi ba, duk wanda ya ga yadda faddan ɗari, wato wajen eka ɗari, ke nuna a mako ɗaya ba masu yanka ya san zafin abin. Sai dai iri ba a ɗauko shi haka kawai, sai masu binciken noma sun gwada shi a baƙar ƙasarmu mai tsagewa da irin ruwanmu, an ga launin ƙwayar da yawan man da ke cikinta sun yi wa kasuwa, sannan yankan riɗi shi ne abincin gidaje da yawa namu a watan girbi, wannan ma abin sakawa a lissafi ne.

Kafin nan dai ƙaramin manomi na da abin yi a hannunsa. A riɗi, in gonar na da faɗi kuma hannu kaɗan ne, raba ta tsakanin iri mai saurin nuna da mai ɗan jinkiri, kowanne a ɓangarensa ba a gauraye ba, yana sa yankan ya zo bi da bi maimakon duka ya faɗo maka rana ɗaya. A dawa kuwa akasin haka ake so, maƙwabtan gona su yi magana tun kafin ruwa ya zauna, su yi shuka kusa da juna da iri masu kwanaki kusan ɗaya, don furen yankin duka ya fito tare ya wuce kafin masih ya tara zubi na biyu.